Likitan Ciwon Sukari da Maƙoƙo: Doguwar Hanyar Karatunsa

 

Yau maganarmu a kan wani likita take, wanda ba kowa ya taɓa gani ba. Watakila wani daga cikinku ya taɓa zuwa gidan likita na garinsu, manjo ya duba shi, ya rubuta masa takarda, ya ce: "Malam, wannan ciwo ya fi ƙarfinmu a nan. Sai ka tafi babban asibiti, ka ga likitan sukari." Mutum ya sayar da akuya, ya biya kuɗin mota, ya isa birni. Can aka ce masa randebu sai nan da mako uku. Ransa ya ɓaci. Ya ce: "Ashe likita ba likita ba ne? Me ya sa wannan ya yi wuyar gani haka?"

Ya yi wuyar gani don irinsa kaɗan ne. Irinsa kaɗan ne don hanyar karatunsa doguwa ce ƙwarai. Wannan hanya za mu bi yau, tun daga tushe.

Da Faransanci ana ce masa andokirinolog. Ku karanta a hankali, gaɓa gaɓa: an-do-ki-ri-no-log. Sunan na da nauyi a baki. Mutane sun sauƙaƙa, suna cewa likitan sukari. Amma aikinsa ya wuce sukari. Shi ke duba maƙoƙo. Shi ke duba yaron da ya ƙi girma, da yarinyar da lokacin balagarta ya wuce ba ta balaga ba, da wani irin rashin haihuwa, da ƙibar da ba ta abinci ba ce.

Me ya haɗa waɗannan cututtuka a hannun mutum ɗaya?

Ƴan aiken jiki

Ku dubi garinku. In mai gari na son a fito gayya, ba ya bin gida gida da kansa. Ɗan aike yake turawa. To, jikin mutum ma haka yake. Akwai wasu ƴan ƙananan gaɓoɓi a ciki, likitoci na ce musu gilandi. Aikinsu shi ne yin wani ruwa ɗan kaɗan, su zuba shi cikin jini. Jini ya kai shi ko'ina. Wannan ruwa shi ne ɗan aike. Sunansa na boko ormon. Wani malamin Ingila, mai suna Starling, shi ya fara amfani da wannan suna a shekarar 1905. Asalin kalmar daga harshen Girkawa take, ma'anarta a motsa abu, a zaburar da shi.

Ɗan aike ɗaya na ce wa ƙashi ya yi tsawo. Wani na ce wa mama ya kawo nono. Wani na ce wa zuciya ta ƙara sauri. Wani kuwa na buɗe wa sukari ƙofa, ya fita daga jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Wannan na ƙarshe shi ne insulin. Daga wata gaɓa yake fitowa, a bayan tumbi, ana ce mata pankireyas.

A wuya, nan gaban maƙogwaro, akwai wata gilandi mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ce tiroyid. In ta kumbura, shi ne muke cewa maƙoƙo. A saman kowace ƙoda akwai wata ƙarama. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa kuma akwai wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, ana ce mata ipofiz. Duk ƙanƙantarta, ita ke ba da umurni ga da yawa daga cikin sauran.

Yanzu ku ji abin mamaki. Babban mutum na da jini kamar lita 5 a jikinsa. In yana lafiya, kuma bai ci abinci ba tun dare, duk sukarin da ke cikin wannan jini bai wuce giram 5 ba. Wato kamar sukari guda ɗaya irin na kwali, wanda kuke jefawa cikin shayi. Guda ɗaya tak. In ya zama guda biyu ko uku kullum, sannu a hankali ido ya lalace, ƙoda ta lalace, ƙafa ta mutu. In ya ragu ƙasa da rabi, mutum ya yi gumi, ya yi rawar jiki, yana iya suma.

Kun ga ke nan, aikin wannan likita aikin awo ne. Ba ya neman tsutsa a ciki. Ba ya neman ƙwayar cuta irin ta masassara, wadda za a kashe a huta. Abin da yake nema shi ne: wane ɗan aike ya yi yawa, wane ya yi kaɗan, kuma me ya sa. Mai awon hatsi da tiya, in ya kuskure kaɗan, ba kowa zai gane ba. Mai awon zinariya kuwa ba shi da wannan dama.

Mu ƙirga shekaru

Ku ɗauki allo da alli, mu yi lissafi tare.

Yaro ya shiga lakwal. Firamare shekara 6. Kwaleji shekara 4. Lise shekara 3, ya ci jarrabawar bak. Shida da huɗu da uku, 13 ke nan.

Sai jami'a. A da, ɗan ƙasarmu mai son zama likita sai ya bar gida. Da yawa Dakar suke zuwa, inda aka buɗe makarantar likitoci tun 1918. A 1974 aka buɗe tamu a jami'ar Yamai, wadda yau ake kira jami'ar Abdu Mumuni. Daga baya jami'o'in Maraɗi da Damagaram su ma suka fara koyar da likitoci. Wannan karatu na cin shekara 7 zuwa 8. A ƙarshe ɗalibi ya rubuta littafin bincike, ya kare shi gaban malamai, ya yi rantsuwa. Daga ranar ya zama lokotoro.

Wannan lokotoro shi ne likitan kowa da kowa. Yana duba masassara, da gudawa, da hawan jini, da mai ciki, da wanda maciji ya sara. Kada ku raina shi. Shi ne ginshiƙin asibitocinmu. Ya san ciwon sukari, kuma yawancin masu sukari a hannunsa za su iya zama lafiya lau.

Amma in yana son ya ƙware a fannin ƴan aiken jiki kaɗai, sai ya koma ɗalibi. Ya nemi gurbi. Ya ci jarrabawar shiga. Ya yi wasu shekara 4, kafin a ba shi takardar ƙwarewa da ake kira DES.

Ku haɗa. Sha uku da takwas da huɗu, 25 ke nan. Yaron da ya shiga lakwal yana ɗan shekara 7 ba zai fito ba sai yana da 32. Wannan in bai maimaita aji ba ko sau ɗaya, in ba a yi shekarar yajin aiki ba, in kuma bai tsaya ya yi aiki a ƙauye ba kafin ya samu gurbi. Galibi kuwa sai sun tsaya. Shi ya sa za ku ga da yawa sun kusa arba'in kafin su gama. Sa'o'insa da suka shiga kasuwa sun daɗe da gina gida.

Me ake koyo cikin shekara huɗu?

Wani zai ce, mutumin da ya riga ya zama likita, me ya rage masa da zai ci shekara huɗu?

Ku sani, wannan karatu ba na zaman aji ba ne. A gefen gadon maras lafiya ake yin sa. Da safe ɗalibi na bin babban malami, gado bayan gado. Malami ya tsaya, ya ce: "Me ka gani? Me ka taɓa? Wane awo za ka nema, kuma don me?" Da rana ya duba masu zuwa daga gida. Wasu darare ya kwana a asibiti yana gadi. Yakan fara da cututtukan cikin jiki gaba ɗaya, don sukari na taɓa zuciya da ƙoda da ido da jijiya. Daga nan ya zagaya: ɗakin awon jini, ɗakin hoto, sashen yara, sashen masu ciki. A ƙarshe ya sake rubuta wani littafin bincike.

Dalilin wannan dogon zama ɗaya ne. Cututtukan ƴan aike na sa rigar wasu cututtuka. Sai idon da ya ga ɗaruruwa ke gane su. Bari in ba ku misali uku.

Ga mace. Tana cin abinci sosai, amma tana ramewa. Zuciyarta na bugawa kamar ta yi gudu. Hannunta na rawa. Ba ta barci. Abu kaɗan sai faɗa. Idanunta sun fito. A gida wasu su ce iskoki ne. Wasu su ce kishiya ce ta yi mata sammu. A gidan likita ma ana iya ba ta maganin zuciya kawai a sallame ta. Wanda ya ƙware kuwa zai taɓa wuyanta, ya ce ta haɗiye miyau, ya nemi awon jini. Tiroyid ce ta yi aiki fiye da kima. Akwai ƙwayar da ke rage mata gudu, ana sha fiye da shekara ɗaya, ana awo ana gyara yawan maganin. Wani lokaci sai an yi fiɗa.

Ga wata kuma. Ta haihu a gida, ta zubar da jini mai yawa, da ƙyar ta tsira. Bayan haka nono ya ƙi zuwa. Wata da watanni, har shekara, al'ada ba ta dawo ba. Kullum gajiya, kullum jin sanyi. Gashin hammata ya zube. Dangin miji su ce raggonci ne. Ba raggonci ba ne. Ran da ta zubar da jini, jini bai isa ga waccan ƙwayar wake ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ba, sai ta lalace. Mai ba da umurni ya yi shiru, sauran ƴan aike suka zauna. Wani likita mai suna Sheehan ya bayyana wannan ciwo a 1937, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. A ƙasashen da kusan kowace mace ke haihuwa a asibiti, ba a cika ganinsa ba yanzu. A wajenmu kuwa, inda haihuwar gida ke da yawa, dole likita ya sa shi a ransa. Macen da aka gane ciwonta, aka ba ta ƙwayoyin da ke maye gurbin ƴan aiken da suka ɓace, tana komawa aikinta. Wadda ba a gane ba, wata ƴar masassara na iya kai ta kabari.

Na uku ya fi ba ni haushi, don da kuɗinmu muke sayen sa. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a tebur, da wasu mayukan ƙara hasken fata, suna ɗauke da magani dangin kortizon. Kortizon kuwa ɗan'uwan ɗan aiken da gilandin saman ƙoda ke yi ne. Yarinya ta sha wata da watanni don ta yi jiki kafin aure. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu suka sirance, fata ta tsattsage. Hawan jini ya zo, sukari ya zo. Wannan ba ƙiba ba ce, ciwo ne. Ga kuma tarkon da ke ciki: jikinta ya ga ɗan aike na zuwa daga waje, sai ya daina yin nasa. In ta bar ƙwayar rana ɗaya kwatsam, tana iya faɗuwa, har ta mutu. Sai an rage mata kaɗan kaɗan, a hannun likita. Sanin yadda za a rage, da tsawon lokacin da za a ɗauka, na cikin abin da ake koyo.

Sai babban aikin, wato sukari. Kafin 1921, yaron da ya kamu da irin sukarin da ke kama yara ba ya daɗewa a duniya. A wannan shekara, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Banting da Best suka fitar da insulin. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, mai suna Leonard Thompson, allurar farko. Ya rayu wasu shekara 13. Shi ya sa ake ranar ciwon sukari ta duniya ran 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting.

To, insulin magani ne mai ceton rai, amma wuƙa ce mai kaifi. Yawan da ya dace da manomi ranar da ya wuni yana huɗa, ba shi ne ya dace da shi ranar da yake kwance ba. Na mai ciki daban. Na tsoho daban. Na mai niyyar azumin watan Ramadan daban, kuma akwai wanda likita zai gaya wa gaskiya cewa azumi hatsari ne a gare shi. Har sirinji ma abin lura ne. Akwai kwalbar insulin mai lamba 100, akwai mai lamba 40, kowace da sirinjinta. In aka ja insulin mai lamba 100 da sirinji mai lamba 40, mutum ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. Ɗalibi na koyon wannan duka. Yana koyon farfaɗo da wanda sukari ya sumar. Yana koyon duba ƙafa, don ƙaya ɗaya a tafin mai sukari na iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Yana kuma koyon abinci, kuma a nan ne littafin Turawa ba ya isar sa. Littafi ya san burodi da dankalin Turawa. Maras lafiya kuwa tambayarsa ita ce: fura fa? Tuwon hatsi malmala nawa? Shayi fa, na farko da na biyu da na uku?

Ina ake wannan karatu?

A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, akwai Dakar, inda cibiyar masu sukari ta Marc Sankalé take a asibitin Abas Ndao. Akwai Abijan. Akwai Bamako, inda aka buɗe wannan karatu na shekara 4 da taimakon wata ƙungiya mai suna Santé Diabète, a ƙarƙashin wata mace, Farfesa Asa Sidibe Tarawore. Ku mata masu saurare, ku riƙe wannan suna. Wasu na tafiya Maroko, wasu Faransa.

Wa ke tabbatar da cewa malamin da ke koyarwa a Bamako daidai yake da na Dakar? Akwai wata hukuma ta ƙasashen Afirka mai suna KAMES, wadda ke jarraba manyan malaman jami'a kafin su zama farfesa. Mazauninta na Wagadugu, amma a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta, a 1968.

Ƙasashe masu aiki da Ingilishi kuwa hanyarsu daban ce kaɗan, kuma ya kamata mu san ta, tun da mutanenmu na bakin iyaka na zuwa neman magani Katsina da Kano da Sakkwato. A Najeriya ɗalibi na yin shekara 6 a makarantar likitoci, ya yi shekara ɗaya ta gwaji a asibiti, ya yi shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Sannan ya shiga babban asibitin koyarwa, irin na Aminu Kano ko na Zariya, ya yi shekara biyar ko shida. Rabin farko na cututtukan cikin jiki ne gaba ɗaya, rabi na biyu na fannin da ya zaɓa. In ya ci jarrabawar ƙarshe, sai ƙungiyar manyan likitoci ta karɓe shi, a ce masa felo, wato ya zama ɗaya daga cikinsu.

A Amurka ma da wannan kalma ake aiki, amma ga ɗalibin da ke cikin matakin ƙarshe. Bayan lise, shekara 4 ta jami'a, 4 ta makarantar likitoci, 3 ta cututtukan cikin jiki. Sai wasu shekara 2, wani lokaci 3, na ƴan aiken jiki kaɗai. Wannan mataki shi ake kira feloshif. Ana biyansa albashi, don aiki yake yi yana koyo. Ku ƙirga: huɗu da huɗu da uku da biyu, 13 ke nan bayan lise. A wajenmu 12. Kun ga ba wata gajeriyar hanya ko'ina.

Na yara ma da nasu. A 2008 aka buɗe wata cibiya a Nairobi, ƙasar Kenya, don koyar da likitocin yara na Afirka wannan fanni, ba sai sun ƙetare teku ba.

Ni a ganina, karatun da aka yi a Afirka ya fi mana amfani, ko da injunan can sun fi yawa. Wanda ya koya a Bamako ya saba da maras lafiyar da ba shi da firigo, ba shi da kuɗin awo biyar, sai ɗaya. Ya koyi zaɓen awon da ya fi muhimmanci. Kuma ya fi saurin dawowa gida. Wanda ya tafi Turai, wani lokaci a can ake riƙe shi, don su ma suna neman irinsa. Ban ga laifin mutumin da ya yi shekara 25 yana karatu ba in ya nemi albashi mai kyau. Amma kuɗin talakawa ne ya koyar da shi, kuma shekara huɗun da ya yi ba ya nan, asibitin da ya bari ya yi rashin likita ɗaya.

Ciwon kuwa ba ya jira. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ke da shi a duniya. Miliyan 24 daga cikinsu a yankinmu na Afirka suke, kuma fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Ko da an ninka ƙwararrun da muke da su sau goma, ba za su iya duba kowa ba.

Shi ya sa aikin wanda ya dawo ba duba marasa lafiya kaɗai ba ne. Dole ya koyar da likitocin kowa da kowa, da anfirmiye, da ungozomomi, don a gane ciwo tun a ƙauye, a turo masa mai wuya kaɗai. A Bamako ma, ban da karatun shekara 4, an buɗe wani gajere na ciwon sukari don likitocin da ba za su iya barin aikinsu na dogon lokaci ba. Maƙoƙo kuwa, mafi yawansa ba ya bukatar ƙwararre in an tare shi tun da wuri. Rashin wani sinadari ne mai suna iyod ke kawo shi. Abin da mutum ke bukata duk tsawon rayuwarsa bai cika cokalin shayi ba. Tun tsakiyar shekarun 1990 doka ta ce gishirin da ake shigowa da shi ƙasarmu ya zama mai iyod. Ku duba rubutun da ke jikin leda kafin ku saya, musamman in akwai mai ciki a gida, don ƙwaƙwalwar jinjiri na bukatarsa. Ku rufe shi, kada ku bar shi a rana.

Bincike ma na cikin aikinsu, kuma yana isowa har ɗakinku. An daɗe ana cewa insulin ba ya zama sai cikin firigo. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda mutanen Maraɗi suka sani ƙwarai, tare da jami'ar Janeba, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun auna zafin wani sansanin ƴan gudun hijira a arewacin Kenya, ya kama daga 25 da dare zuwa 37 da rana. Suka ga kwalbar da aka fara amfani da ita na riƙe ƙarfinta har mako huɗu a wannan zafi. Albishir ne. Amma ku lura, zafinmu na watan Afirilu da Mayu na wuce 40. Saboda haka a sa kwalbar cikin ƙaramin tulu, a sa tulun cikin jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Kada ruwa ya taɓa bakin kwalbar. Kwalbar da ba a buɗe ba kuwa, firigo ne wurinta, amma ba wajen ƙanƙara ba.

In an tura ku wurinsa

Randebu da irin wannan likita na da tsada, kada ku ɓata shi. Ku tafi da takardar da manjo ya rubuta. Ku tafi da karnenku, da duk tsofaffin takardun awo, ko sun yi datti. Ku zuba duk magungunan da kuke sha cikin leda ɗaya, har na tebur, har na gargajiya, har man shafawa. Kada ku ɓoye. Ba alƙali ba ne. In an ce awon safe ne, kada ku ci kome tun dare, ruwa kaɗai za ku sha. Amma mai allurar insulin ya tambaya tukuna yadda zai yi da allurar safiyar, kuma ya riƙe sukari guda uku a aljihu, ko da jiri zai kama shi a layi.

Akwai lamba ɗaya da nake so ku rubuta a allonku: 1,26. In awon safe, kafin cin abinci, ya kai giram 1,26 ko ya wuce, har sau biyu a ranaku daban, to ciwon sukari ne. Ƙaramin injin da ake sokin yatsa da shi na iya nuna 126. In a Kano ko Katsina aka yi awon, takardar na iya nuna 7. Kada ku ruɗe, ku ce wancan ya fi wannan. Lamba ɗaya ce, ma'auni ne ya bambanta, kamar tiya da kilo.

Akwai kuma wani awo da yakan nema, wanda ke nuna yadda sukari ya zauna a jini wata biyu zuwa uku da suka wuce. Wasu sukan bar shayi da fura kwana biyu kafin randebu, don likita ya yabe su. Wannan awo ba ya jin wannan dabara.